Tono gawar ɗan'uwa a Ingila: doka ba ta rufe ƙofa ba

Ana ta yaɗawa tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Ingila cewa wanda aka binne a can, maganar mayar da shi gida ta ƙare. Wasu kuma na cewa amincewar masu maƙabarta ta wadatar. Duka biyun kuskure ne.

Sashe na 25 na dokar binne mamata ta 1857, mai aiki a Ingila da Wales, ya hana tono gawa ba tare da izini ba. Wanda ya saɓa, tarar da ba ta wuce fam 200 ba ce a kansa, amma laifi ne da kotu ke hukuntawa. Izinin, wato lasisin tono gawa, daga Ma'aikatar Shari'a yake fitowa, kuma kyauta ne. A fom ɗin ana son sa hannun makusantan mamaci, da mai haƙƙin kabarin, da hukumar maƙabarta. A nan magana ta fi cijewa: ɗa guda ya ƙi amincewa, komai na iya tsayawa. In an binne wani a sama a rami ɗaya, a nemi yardar danginsa su ma.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ɓangaren maƙabarta da bishop na Cocin Ingila ya tsarkake ya keɓe, wanda ake samu har a maƙabartun ƙaramar hukuma. A can ma'aikata ba ta da ta cewa, kotun coci ce ke yanke hukunci, ko da mamacin Musulmi ne. Tun shari'ar 2002 kan tono wata gawa a maƙabartar Blagdon, ƙa'idar kotun ita ce kabari makwancin dindindin ne, sai da dalili na musamman, kamar binnewa a ramin da ba shi ba, ko haɗa mamaci da kabarin iyalinsa. Ƙaurar dangi kaɗai ba ta isa ba. A ganina wannan ya yi tsauri ga dangin da ba su ma san irin wurin da suka saya ba, shi ya sa tun ranar sayen kabari ya kamata a tambaya.

Aikin kansa da asuba ake yi, a kange wurin daga idon jama'a, galibi jami'in lafiyar muhalli yana tsaye, kuma kuɗin haƙa da sabon akwati a wuyan iyali suke. Mai son kai gawar Najeriya ko Nijar sai ya sanar da jami'in binciken mace-mace, wato coroner, ya karɓi takardar fitar da ita daga ƙasar kafin ya kama jirgi.