Baƙin hayaƙin nan kuɗinka ne ke tashi sama

Duk wanda ya taɓa kwana a Tafa ko Mararrabar Jos ya san yadda asuba take a wurin. Ana sallame sallah ake tayar da manyan motoci, kowa na ɗumama injinsa, hayaƙi ya kwanta ƙasa-ƙasa kamar hazon hunturu. Mai shayi na kaɗa ƙwai a cikinsa, yaran mota na fitowa daga ƙarƙashin tirela suna tari. Aikina na dubagari yana kai ni irin waɗannan wurare, kuma na lura in ka tari direba da maganar huhu sai ya yi dariya ya ce kowa da ajalinsa. Shi ya sa yanzu ta aljihu nake ɓullo musu.

Wani dattijo mai jan DAF ya taɓa ce min, "Malam, ai hayaƙi shi ne shaidar mota na da ƙarfi." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, mu buɗe gidan matatar iska mu gani." Da yaronsa ya zaro ta, ƙura ce ta zubo kamar an kifar da kwanon gari. Injin dizal sai ya sha iska sosai yake ƙone man da aka fesa masa. In matata ta toshe, ko turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin iska, ya gaji, ko nozil ya daina fesa mai siriri ya koma tsiyayarwa, abin da bai ƙone ba shi ke fita baƙi ta salansa. Ka biya kuɗinsa a gidan mai, amma bai tura motar ko taku ɗaya ba. Lodin da ya fi ƙarfin mota da tayar da ba ta cika da iska ba su ma haka suke cin mai a ɓoye. Kuma don Allah a daina buga matata a jikin taya ana mayarwa. Takardarta na yagewa, yashi ya wuce kai tsaye cikin injin. Da hunturu gara a riƙa canja ta da wuri.

Sai maganar salansa, inda aka fi yaudarar masu mota. Gaskiya ne in bututun ya lotse ko baƙi ya cushe shi, injin yana shan wahala wajen fitar da numfashi, kuma mai yake ƙara sha. Maganin wannan shi ne a gyara, a sa bututu mai faɗin da kamfani ya tsara, a toshe duk inda ke yoyo, musamman tsakanin injin da turbo, domin hayaƙin da ya tsere a nan shi ne ya kamata ya juya turbon. Amma abin da wasu kanikawa ke yi, a sa walda a yanke tukunyar salansa a bar bututu tsirara, ƙara kawai yake sayarwa. Kunne ya ji ruri sai zuciya ta ɗauka ƙarfi ne. Bayan shekaru direban nan sai an ɗaga murya yake ji.

Motocin da ake shigowa da su daga Turai kuwa, sababbin cikinsu suna zuwa da matatar baƙi a cikin salansa, da ƙaramin tankin AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin hayaƙi don rage gubarsa. Dizal mai datti, ko wanda aka gauraya da kananzir, yana kashe waɗannan kayan da sauri, shi ya sa da yawa suke cire su. Na san ba don ganganci ba ne, tsadar gyara ce. Sai dai abin da matatar ke tarewa ba ɓacewa yake yi ba, ƙirjin mutane yake komawa. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Kafin a kai can ma akwai tari mai naci, da asma mai tashi, da jan ido. Wanda ya fi shaƙa kuwa ba mai motar da ke zaune a ofis ba ne. Yaron mota ne, da mai talla, da ɗan acaɓan da ke bin bayanka.

Akwai kuma barin mota a sulo. Babbar mota na shan kusan lita uku a awa tana tsaye wuri ɗaya. Kwanan awa takwas kenan ya haura lita 20, a lissafa da farashin yau a gani. In kuma salansa na yoyo a ƙarƙashin kan mota, mai barci a ciki yana shaƙar iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari. Wanda ke tashi da ciwon kai da jiri duk safiya, ya sa a duba masa bututu kafin ya sayi maganin maleriya.

Yanzu kowa na tambayata batun gas. A nan sai an yi hattara da suna, domin direbobinmu dizal ma gas suke ce masa. Wanda ake nufi shi ne iskar gas da ake matsewa a tukunya, wato CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023 bayan cire tallafin fetur. Matatar Dangote ma ta sanar a 2025 cewa za ta yi rabon mai da motoci 4,000 masu amfani da ita. Ta fi dizal araha, baƙin hayaƙinta kaɗan ne ƙwarai, kuma ni a matsayina na ma'aikacin lafiya ina maraba da ita.

Amma injin dizal ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna mansa, don haka ba a juya shi kamar na fetur. Ko dai a sayi motar da aka ƙera don gas, ko a sa na'urar da ke haɗa gas da ɗan dizal, kuma wannan aikin ƙwararru ne. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsi ninki da yawa fiye da ta gas ɗin girki. A 2024 wata mota ta tarwatse a Benin, jihar Edo, ana cikin cika mata gas, saboda tukunyar haɗin walda ce. Duk tukunyar kirki tana da hatimi mai nuna ranar ƙira da matsin da take ɗauka. In babu, kada ta hau motarka ko kyauta aka ba ka.

Sannan gidajen sayar da ita sun fi yawa a kudancin ƙasa da kuma Abuja. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ake sa ran zai kawo wa arewa sauƙi. Mai ɗauko hatsi daga Dawanau zuwa Legas da mai shiga Maraɗi ko Maiduguri ba lissafinsu ɗaya ba. Kafin ka sayar da tsohuwar motarka, zauna da direbanka ku ƙirga gidajen gas ɗin da ke kan hanyar da yake bi, zuwa da dawowa.