Wayarka a Bakin Boda: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyin Katsina

Duk wanda ya saba bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ya fita ta Kwangwalam daga Daura ya nufi Damagaram, ko ya tashi daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Saudiyya, ya san yadda ake ɗaure kaya da tanadin guzuri. Abin da ba kasafai ake shiryawa ba shi ne wayar da ke aljihu, alhali ita ce ke ɗauke da asusun bankinsa, da hotunan iyalinsa, da hirarrakin mutanen da suka ba shi amanarsu.

Shin jami'in kan iyaka yana da ikon cewa in buɗe masa wayata?

Ya danganta da ƙasar da kake shiga. A nan gida, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da wasiƙunsa da maganganunsa na tarho, sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai kariyar nan iyakarta ƙasar Najeriya, domin da zarar ka wuce Magama ka taka Ɗan Isa, dokar Nijar ce a kanka. A Amurka jami'an kan iyaka suna iya duba waya da hannu ba tare da takardar kotu ba, kuma suna iya riƙe ta na wasu kwanaki, ko da yake waɗanda ake yi wa hakan 'yan kaɗan ne ƙwarai cikin masu shiga. A Ingila, ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2000, ana iya tsare matafiyi har awa 6 ana yi masa tambayoyi, kuma ƙin ba da lambar sirri laifi ne.

Idan na ƙi buɗewa fa?

Baƙo mai biza ba daidai yake da ɗan ƙasa ba, domin shi ana iya hana shi shiga a mayar da shi inda ya fito. A ganina gaban teburin jami'i ba wurin gardama ba ne. Kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ya ga kana goge wani abu, domin hakan ke mayar da ƙaramin bincike babba. Ka nemi ya bar ka ka danna lambar da hannunka, idan kuma za a riƙe wayar ka nemi takardar shaida, sannan ka canza lambobin sirrinka da zarar ta dawo hannunka.

To me ya kamata in yi tun ina gida?

Nan ne aikin yake, domin abin da ba ya cikin waya babu mai ganinsa. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, ka zauna ka bi hotunanka ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar da hoton katin banki gaba da baya, da takardar NIN ta mahaifiyarka da ka ɗauka ranar da ka kai ta rajista, da hotunan iyalinka na cikin gida waɗanda ko maƙwabci ba za ka nuna wa ba. Ka kwashe su zuwa kwamfuta ko memori ka ajiye a gida, sannan ka share su, ka kuma shiga kwandon shara na wayar ka sake sharewa, domin yawancin wayoyi suna riƙe hoton da aka goge har kwana 30 ko fiye. Ka fita daga rukunonin WhatsApp da ba ka san masu tura saƙo a cikinsu ba, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye, saboda abin da wani ya turo ba da saninka ba, a wayarka za a same shi, kai kuma za a tambaya. Wanda ke da hali, musamman ɗan jarida ko lauya ko likita da ke ɗauke da sirrin wasu, gara ya tafi da waya ta biyu wadda ba komai a cikinta sai abin da tafiyar ke buƙata. Ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar ita kanta, a takarda, domin za a nema idan wayar ta ɓace.

Zanen yatsa ya fi, ko lambar sirri?

A bakin boda lambar sirri ta fi, mai ƙwaya 6 ko fiye, wadda ba shekarar haihuwarka ba, domin ana iya ɗora yatsan mutum a kan waya ko a kara ta a fuskarsa cikin ƙiftawar ido. Ka kashe wayar gaba ɗaya kafin ka isa shingen, saboda wayar da aka kunna ba a buɗe ba tukuna ta fi wuyar kwashe bayanai da na'ura.

Ba an ce saƙonnin WhatsApp a kulle suke ba?

A kan hanya suke a kulle, tsakaninka da wanda ka aika wa. Wanda ya riƙe wayarka a buɗe yana karanta su kamar yadda kake karantawa.

Ban da jami'ai, akwai wani haɗarin?

Akwai, kuma ga fatakenmu shi ne ya fi kusa. Ka dubi teburin mai caji a tasha: katako cike da soket, wayoyi sun kai 50 jere, kowacce an manna mata takarda mai lamba, mai wayar kuwa yana can yana cin abinci. Mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne, amma minti ɗaya ya ishi wani ya zare layinka, kuma layin nan shi banki ke tura wa lambar tabbatarwa, da shi ake tura kuɗi ko babu intanet. Ka sa wa layin PIN nasa na kansa, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka tafi da fawa bank. A masauki ko filin jirgi, kada ka buɗe manhajar banki a kan wayfai na kyauta da ba ka san mai shi ba.

Abin da na rubuta a Facebook zai iya bi na har wata ƙasa?

Ƙwarai kuwa. Tun 2019 takardar neman bizar Amurka take tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara 5 da suka wuce. Saudiyya kuma tana da dokar laifukan intanet tun 2007, kuma tana hukunta mutane a kan rubutun da ta ɗauka ya taɓa addini ko zaman lafiyar jama'a. Maniyyacin da ya saba zafafa muhawarar siyasa a Katsina ya duba tsofaffin rubuce-rubucensa kafin ya hau jirgi, ya kuma dakata da irin wannan rubutun har ya dawo gida.