Maganar wai kansul zai ƙwace layinku a Ingila ya aiko muku da bil: ga abin da doka ta ce

Salam jama'a. Wannan saƙon murya da ake ta turawa a guruf-guruf na 'yan uwanmu mazauna Ingila, wai an fito da sabuwar doka, kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, zai ƙwace duk layin da ba na gwamnati ba ya zuba kwalta ko ana so ko ba a so, ya aiko wa kowane gida bil na dubban fam, wanda bai biya ba a sayar da gidansa, har wasu na ƙarawa da cewa abin zai taɓa takardun zama, don Allah a dakata da turawa haka nan. Akwai ɗan gaskiya a ciki amma an cakuɗa ta da tsoro har ta ɓace, kuma abin da ya fi damuna shi ne wanda ya daɗe yana tara kuɗin sayen gida zai iya fasawa saboda maganar da ba a tantance ba.

Dokar ba sabuwa ba ce sam. Dokar tituna ce ta 1980 mai suna Highways Act, ita ma ta gaji tsarin ne daga wata dokar gyaran titunan masu zaman kansu ta 1892. Ingila da Wales kawai take aiki, Scotland na da tata ta 1984, Ireland ta Arewa ma tata daban. Kuma babu ruwanta da biza ko fasfo, mai gida take nema ko ɗan ina ne.

A can tituna kashi biyu ne. Akwai wanda kansul ya karɓa, shi ke cike ramuka, ya gyara fitila da magudanar ruwa da kuɗin jama'a. Akwai kuma wanda bai karɓa ba, a takardun lauya za ka ga an rubuta unadopted, wannan gyaransa na wuyan masu shi. Tun 1835 aka tsayar da cewa sabon titi ba ya zama nauyin jama'a haka kawai sai hukuma ta karɓe shi a hukumance. Wani bincike na gwamnati a 1972 ya ƙiyasta irin waɗannan titunan sun kai 40,000 a Ingila da Wales, tsawon kusan mil 4,000, kaga ashe ba yau aka fara zama a kansu ba.

Toh batun ƙwace. Na san daga ina tsoron yake, mu da muka taso da jin an soke takardar fili saboda aikin gwamnati, da mun ji hukuma za ta karɓi abu sai gabanmu ya faɗi. Amma a nan abin da ke komawa hannun kansul saman titin ne da ɗan kaurin da yake buƙata don ya kula da shi, ƙasan na nan ga mai shi, gidanka da harabarka kuwa ba su shiga zancen ba kwata-kwata. Abin da za ku rasa da gaske shi ne iko. Ba ku da damar sa get ku kulle, ba ka da damar cewa gaban ƙofata ne kar wani ya yi fakin. Wasu layukan ma saboda wannan ne da kansu ba sa so a karɓa, kuma sashe na 228 ya ba su dama, in kansul ya liƙa sanarwar karɓa mafi yawan masu titin na da wata ɗaya su ce ba su yarda ba, sai dai kansul ya je kotun majistare ya nemi a ture ƙin nasu.

Yanzu inda gaskiyar jita-jitar take. E, sashe na 205 zuwa 218 sun ba kansul ikon ya ce wannan layin bai kai yadda yake so ba, babu kwalta mai kyau, babu lambatu, babu fitila, ya yi aikin da kansa ya raba kuɗin a kan gidajen da ke bakin layin. Amma ba wai ka wayi gari ka ga bil ba ne. Sai an zana aikin, an yi ƙiyasin kuɗi, an fitar da rabon wucin gadi na abin da kowane gida zai biya, a buga sanarwa a kuma aiko wa masu gidajen. Daga ranar da aka fara buga sanarwar kana da wata ɗaya ka rubuta ƙorafi, ko ka ce aikin ya wuce hankali, ko ƙiyasin ya yi yawa, ko gidanka bai kamata ya shiga ba, ko ma titin dama can na kansul ne, kuma kotun majistare ce za ta saurara ba kansul ɗin ba. Bayan an gama aiki a fitar da rabo na ƙarshe, nan ma akwai wata ɗaya, misali in kuɗin ya haura ƙiyasi da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Wannan wata ɗayan shi ne abin riƙewa, wanda ya ajiye wasiƙa a kan firij bai buɗe ba shi ne zai yi kuka daga baya.

Sashe na 207 ne ya fi rikita mutane, kuma ni kaina nan ne dokar ba ta kwanta min ba. Ba daidai-wa-daida ake raba kuɗin ba, ba kuma da darajar gida ko yawan motocinka ake aunawa ba. Tsawon filinka da ya jingina da titin ake aunawa. Bari in yi lissafin misali, ba farashin gaske ba ne: layi mai tsawon mita 100, gefe da gefe ya zama mita 200, aiki ya ci fam 200,000, kenan kowace mita fam 1,000. Mai gidan da faɗin gabansa mita 6 ne zai biya 6,000. Amma ga wata dattijuwa da gidanta ke kan kwana, ƙofarta na kallon babban titi, ba ta ma bi ta layin, sai dai katangar gefenta ta miƙe mita 20 a jikinsa, ita 20,000 ne nata, domin a dokar jingina da titi ma ana lissafa shi kamar fuskantarsa ne. A ƙarshen layin kuma ga mai katafaren gida da motoci uku da ke tattake titin safe da yamma, gabansa ƙofar shiga ce kawai ta mita 4.

Dokar ta san da wannan matsalar, shi ya sa ta ce kansul na iya duba yawan amfanin da kowane gida zai samu, da aikin da wani ya riga ya yi da kuɗinsa, har ma ya shigo da gidajen da ba su jingina da titin ba amma ta nan suke shiga ta wani lungu. Sai dai "na iya" aka ce, ba dole ba. Kuma ga inda gizo ke saƙar, in kansul ya zaɓi ya tsaya a kan tsawon fili kawai, ba ka da hurumin zuwa gaban majistare ka ce ai ni ba na amfana, wannan ƙorafin sai in dama kansul ya sa batun amfani a lissafinsa. Abin da ya rage wa dattijuwar nan shi ne ta roƙi kansul ya ɗauke mata wani kaso a ƙarƙashin sashe na 236, wanda ya ba shi damar biyan wani ɓangare ko ma duka, ko ta ɗaukaka ƙara ga minista cikin kwana 21 da samun takardar neman biya. Wallahi a ganina bai dace a ce adalcin mutum ya rataya a kan ganin damar hukumar da ita ce ke binsa bashin ba.

Waɗanda aka keɓe ba su da yawa, wuraren ibada masu rajista, har da masallacin da aka yi wa rajista a matsayin wurin ibada, kansul ke biyan kasonsu, sai wasu filayen jirgin ƙasa. Ɗan haya kuma bashin ba nasa ba ne, na mai gida ne, ko an karɓi wani abu a hannunsa doka ta ba shi damar cire wani kaso na abin da ya biya daga kuɗin haya.

Sai maganar sayar da gida. Rashin biya ba laifin ɗauri ba ne, bashi ne. Amma bashi ne da ake ɗora wa gidan kansa da kuɗin ruwa a kai, yana bin gidan ko ya canja hannu, kuma sashe na 212 ya ba kansul irin ikon da mai ba da bashin gida yake da shi, ciki har da sayarwa. Ba zan ɓoye wannan ba don in kwantar wa mutane hankali. Sai dai sashen nan dai shi ne ya ce ana iya raba biyan shekara-shekara har zuwa shekara 30, wannan ɓangaren ne masu saƙon murya suka tsallake. Inda tara take a fili shi ne kan mai gina sabon gini a bakin irin wannan titi, sashe na 219 ya ce sai ya fara ajiye kuɗin gyaran titin ko ya ba da jingina, in ya fara gini bai yi ba tara ce har fam 1,000. Wannan na masu gini ne, ba na wanda ya sayi gamammen gida ba.

Abin da ya kamata mu ji tsoro kuwa kishiyar abin da ake yaɗawa ne. Da wuya ka ga kansul a yanzu ya tayar da wannan tsarin, don shi zai fara zuba kuɗinsa ya yi shekaru yana bin mutane, bayan haka kuma ya ɗauki nauyin titin har abada, alhali kuɗin cike ramukan titunan da ke hannunsa ma na gagararsa. Yawancin mutane roƙo suke a karɓa ana ƙi. A sababbin estet, inda da yawa daga cikinmu ke sayen gida, ka'idar da aka saba ita ce kamfanin gini ya ƙulla yarjejeniya da kansul a ƙarƙashin sashe na 38, ya gina titi yadda aka gindaya, ya ajiye jingina, ya kula da shi galibi na wata 12 sannan a karɓa. Amma ba dole ba ne ya ƙulla. In bai ƙulla ba sai a miƙa titin da fitilu da filin wasan yara ga kamfanin kula da estet, ku yi ta biya duk shekara, ga harajin kansul kuma cif-cif kamar na kowa ba a rage muku ko sisi ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, a rahotonta na Fabrairun 2024 ta gano kashi 80 cikin ɗari na sababbin gidajen da manyan kamfanoni 11 suka sayar a 2021 zuwa 2022 na ɗauke da irin wannan caji, kimanin fam 350 a shekara in an yi matsakaici, har ta ba da shawarar a tilasta karɓar irin waɗannan kayan amfanin jama'a. Biya biyu kenan a kan abu ɗaya, kuma wannan shi ne zaluncin da ya cancanci a yi ta turawa a guruf.

In kuna zaune a irin wannan layin kuna so a karɓa, hanyar da aka fi bi ita ce ku haɗu kamar yadda ake karo-karon gyaran kwalbati a unguwa, ku tambayi kansul matakin da yake so titin ya kai tun kafin ku kira ɗan kwangila, don in an kammala duk aikin ya gamsu, masu gidajen da suka fi rinjaye ta fuskar ƙimar haraji suka nema a rubuce, sashe na 228 ya ce dole ya karɓa cikin wata 3. Akwai kuma sashe na 230, in kansul ya aiko muku takardar ku yi gyaran gaggawa saboda haɗari, mafi rinjayenku na iya mayar masa da takarda cewa ya yi cikakken aikin ya karɓi titin, amma ku sani kuɗin ku za a raba wa, da wannan awon tsawon filin da na yi bayani.

Wanda ke shirin saye kuma, kowane kansul mai kula da tituna doka ta wajabta masa ajiye jerin titunan da ya karɓa, dubawa kyauta ne. Binciken da lauyanka ke yi a kansul, fom ɗin CON29, akwai tambayar a ciki, ka ce ya nuna maka amsar da idonka. In sabon estet ne kar ka tsaya a kan "ai za a karɓa" na mai talla, ka tambaya an sa hannu a yarjejeniyar sashe na 38 ko ba a sa ba, akwai jingina a bayanta ko babu, domin in kamfanin ya durƙushe kafin ya gama titin wannan jinginar ce kansul zai ɗauka ya ƙarasa aikin, in babu ita kuwa masu gidajen ne za a waiwaya.