Tambayoyi da amsoshi kan Sidecar, haɗin barandi da lemun tsami

Mene ne Sidecar, kuma me ake zubawa a cikinsa?

Sidecar haɗin barasa ne da ya yi suna a mashayun Landan da Paris jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma abubuwa uku kacal ake haɗawa: barandi, wato barasar inabi mai ƙarfi, wanda galibi irin na Faransa ne da ake kira Cognac, da barasar ɓawon lemun zaƙi irin su Cointreau, da ruwan lemun tsami na Turai, wato babban nan mai launin ɗorawa. Ya kamata mai karatu ya sani tun farko cewa duk da kamanninsa na ruwan lemo, abin sha ne mai ƙarfi, domin Cognac da Cointreau kowannensu yana ɗauke da barasa kashi 40 cikin ɗari. Wanda ba ya shan barasa kada launinsa ya ruɗe shi.

Daga ina sunan ya samo asali?

Sunan na akwatin nan ne mai taya ɗaya da ake maƙala wa babur a gefe don ɗaukar fasinja. A rubuce, an fara ganin yadda ake haɗa shi a shekarar 1922, a littattafan masu haɗa abin sha guda biyu, Harry MacElhone da Robert Vermeire, kuma dukansu sun danganta shi da wani ma'aikacin kulob ɗin Buck's na Landan mai suna MacGarry. Otal ɗin Ritz na Paris shi ma yana cewa a wurinsa aka ƙirƙiro shi. Masana tarihin abin sha kuwa sukan ce kakansa shi ne wani haɗin barandi mai suna Brandy Crusta, wanda Joseph Santini ya yi a birnin New Orleans na Amurka a wajajen shekarun 1850.

Nawa ake auna kowane ɗaya?

Nan ne gardamar take, kuma a ganina nan ne dukan sana'ar ta taru. Littattafan 1922 sun ce a zuba ukun daidai wa daida, abin da aka riƙa kira salon Faransa. A 1930 sai littafin otal ɗin Savoy, wanda Harry Craddock ya tsara, ya ce a zuba barandi kashi biyu, Cointreau kashi ɗaya, lemun tsami kashi ɗaya, wannan kuwa shi ne salon Ingila. Ma'aunin da ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya take bi a yau shi ne Cognac mililita 50, barasar ɓawon lemo mililita 20, ruwan lemun tsami mililita 20.

Dalilin wannan sauyi a fili yake ga duk wanda ya san girki. Idan tsami ya yi yawa, yakan danne ƙamshin barandin har a rasa dalilin sayen mai tsada, idan kuma zaƙi ya rinjaya, sai abin ya yi nauyi a harshe. Ga shi kuma lemun tsami bai da tsami iri ɗaya kullum, don haka ƙwararre yakan ɗiga ɗan kaɗan a bayan hannunsa ya ɗanɗana kafin ya miƙa wa baƙo. Ruwan lemun kwalba kuwa ba ya maye gurbin wanda aka matse a lokacin.

Wane irin Cognac ya dace?

Cognac barandi ne da ake yi a yankin garin Cognac da ke yammacin Faransa, daga inabi, musamman nau'in Ugni blanc. Sau biyu ake tace shi ta hanyar tururi a tukwanen tagulla, sannan a ajiye shi cikin gangunan katako aƙalla shekara 2. Mai alamar VS ya yi shekara 2, VSOP shekara 4, XO kuma shekara 10 tun daga ƙa'idar 2018. Yawancin masu haɗawa sun fi son VSOP, domin yana da nauyin da zai tsaya gaban tsami, shi kuwa XO asara ce a gauraya shi da lemo.

Yaya ake haɗa shi, kuma dole ne a sa sukari a bakin kofi?

Ana zuba ukun a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a cika shi da ƙanƙara, a girgiza da ƙarfi kamar daƙiƙa goma zuwa sha biyar, har sai bayan gwangwanin ya yi raɓa yana cizon tafin hannu saboda sanyi. Daga nan sai a tace cikin kofin gilashi mai doguwar ƙafa wanda aka riga aka sanyaya, ba tare da ƙanƙara ba. Girgizawar tana sanyaya shi, tana kuma narkar da ɗan ruwa da zai sassauta zafin barasar.

Sukarin bakin kofi ba ya cikin rubutun 1922, daga baya ya shigo. Masu kula sukan goga yankin lemo a rabin bakin kofin ta waje, su dangwala shi a faranti mai sukari, su bar ɗaya rabin haka nan, don baƙo ya zaɓi gefen da zai kai baki.