Waiwaye: Layin Dogon Funtuwa, Daga Auduga Zuwa Ciyawa

Birnin Katsina bai samu jirgin ƙasa ba a zamanin Turawa, haka ma Daura. Dogon ya iso Kano a 1911, ya miƙa Nguru a 1930. Rabon ƙasar Katsina shi ne reshen da ya balle daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya bi ta Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar sama da kilomita 200.

Auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi domin su. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce, kuma kamfanin BCGA, na Turawan Birtaniya masu harkar auduga, ya kafa injin gurza a Funtuwa. Manomi ya kai kasuwa a auna, a gurje, a ɗaure diloli, a loda a taragu sai Legas. Fasinja ƙari ne kawai. Dalilin bunƙasar Funtuwa ke nan har ta zama mahaɗar fatake.

Faɗin layin ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ana ɗaure su da faranti biyu da notuka, a bar 'yar tazara, domin ƙarfe na miƙewa idan rana ta take; in babu tazarar sai layin ya lanƙwashe. Ƙarƙashinsu akwai ƙarafan da aka gitta, su ke riƙe faɗin. An fi son na ƙarfe a kan na katako saboda gara. Can ƙasa kuma tsakuwa ce, wadda aikinta ɗaukar nauyi da tsiyaye ruwa.

Ruwan nan shi ne babban abokin gabar dogo. Da zarar yashi da shara sun toshe kwalbati, ruwan damina sai ya taru a gefe guda, ya jiƙa tudun da layin ke kai, ya kwashe tsakuwar, a wayi gari ƙarfe na lilo babu komai a ƙasansa. Shi ya sa a da kowane yanki yake da leburorinsa masu bin layi a ƙafa, suna yashe magudana, suna ɗaure notin da ya saki, suna nome ciyawa. Aikin shebur da sifana ne, ba tsada, amma barinsa damina biyu ko uku sai ya koma aikin kwangila.

Da layin ya kama hanyar mutuwa, kaya ne suka fara guduwa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman, manyan motoci suka kwashe abin da ya rage, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Da kuɗin shiga ya ragu sai gyara ya tsaya. Abin takaici, ɓarayin ƙarfe suka samu ƙofa: su fara da notuka da faranti masu sauƙin kwancewa, daga baya su zo da wutar yanka.

Tashar Funtuwa na nan, da gadoji da kwalbatoci da tudun layin, kuma hanyar har yau mallakar hukumar jiragen ƙasa ce. Sabon layin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a 2021, daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, faɗinsa milimita 1,435 ne. Taragonsa ba zai hau tsohon layin Funtuwa ba, sai dai a sauke kaya a sake lodi, ko a sake shimfiɗa reshen gaba ɗaya.