Gingimari marar hayaƙi ba ya biyan kuɗin hanya a Jamus: me dokar ta ce, kuma ina ruwan Maradi?

Duk wanda ya taɓa bin kamyo daga Maradi zuwa Yamai ya san wurin da ake tsayawa a gaban sanda, direba ya miƙa kuɗi ta taga, a ba shi tikiti, a ɗaga. Peyaji ke nan. Kwanan baya labari ya shigo tasha cewa a ƙasashen Turai motar kaya mai aiki da lantarki ba ta biyan wannan kuɗi ko sisi. Wani dattijo mai motoci uku ya tare ni da maganar: "Malam, kai da kake karance-karance, gaskiya ne? To wa ke gyara musu hanyar?" Na ce masa, "Alhaji, gaskiya ne, amma da sauran bayani." Sauran bayanin ne nake son in shimfiɗa a nan.

Dokar sunanta Eurovignette. Tarayyar Turai ta kafa ta a 1999 don ta tsara yadda ƙasashenta za su riƙa karɓar kuɗin hanya daga manyan motocin kaya, kada wata ƙasa ta tsawwala wa baƙin direbobi ta sassauta wa nata. An yi mata gyara sau da dama, amma gyaran da ya shafe mu shi ne na Fabrairun 2022. Irin wannan doka ba ta hawa kan direba kai tsaye. Umarni ce ga gwamnatoci: kowace ƙasa ta ɗauka ta zuba cikin dokarta ta gida, kuma an ba su wa'adi zuwa 25 ga Maris 2024. Ba ta tilasta wa kowa ya kafa peyaji ba. Abin da ta ce shi ne, idan kana karɓa, to ga ƙa'idar karɓar.

Sabon abin da gyaran ya kawo shi ne raba motoci aji biyar bisa yawan iskar kabon da suke fitarwa, wato iskar da ke fita idan an ƙona gazuwal, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Aji na 1 shi ne na gama-gari, nan tsofaffin motoci da mafi yawan masu gazuwal suke, kuma su ke biyan cikakken kuɗi. Aji na 2 ana rage masa tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, na 3 kashi 15 zuwa 30, na 4 kashi 30 zuwa 50. Aji na 5 shi ne na motar da ba ta fitar da hayaƙi, kuma ita dole a rage mata kashi 50 zuwa 75. Bayan wannan sai dokar ta buɗe wata ƙofa: ƙasar da ta ga dama tana iya yafe wa aji na 5 kuɗin gaba ɗaya, na ɗan lokaci. Lokacin farko ya tsaya a 31 ga Disamba 2025. Da ya kusa cika, Hukumar Tarayyar Turai ta nemi a ƙara shi, majalisa da gwamnatoci suka amince, aka kai shi 30 ga Yuni 2031.

A lura da "ta ga dama". Ragi wajibi ne, yafewa zaɓi ce. Shi ya sa Jamus ta yafe duka, maƙwabciyarta Ostiriya ta tsaya a kan ragi. Kamyo ɗaya, kaya ɗaya, ya tsallaka iyaka lissafi ya sauya, kamar yadda farashin mai ke sauyawa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya.

Wace mota ce "marar hayaƙi" a idon doka? Mai batir, da mai aiki da haidirojin, wata iskar gas da ake zuba wa mota a madadin gazuwal. Abin da ake dubawa shi ne abin da ke fita daga salansa kawai. Ba a tambayar daga ina wutar da aka yi caji da ita ta fito. Idan tashar da ta samar da wutar gawayi take ƙonawa, motar tana nan a aji na 5. Masu sukar dokar sun daɗe suna nuna wannan giɓi, kuma a ganina suna da hujja, ko da yake hayaƙin tashoshin wuta wata doka ce daban ke kula da shi a can. Mota mai haɗa gazuwal da batir ba ta shiga. Aji na 2 da na 3 kuma ba sarauta ba ce ta har abada: duk shekara shida ana sake auna motar da sabon ma'auni, wadda ta gaza sai ta sauka.

Yanzu ga inda maganar take da nama. Yafe kuɗi ba ya da daraja sai idan kuɗin da aka yafe mai nauyi ne. A Jamus mai nauyi ne ƙwarai. Tun 1 ga Janairu 2005 suke karɓar kuɗin hanya daga manyan motoci, kuma ba sanda, ba rumfa, ba mai tikiti. Wata ƴar na'ura ce a cikin motar take ƙirga kilomita ta tauraron ɗan Adam, kamfanin Toll Collect ya aiko da lissafi. Kafin Disamban 2023, babbar tirela mai layin taya biyar, mai injin zamani, tana biyan santim 19 na yuro a kowace kilomita. Daga 1 ga Disamba 2023 aka ɗora kuɗin kabon, yuro 200 a kan kowane tan, sai kuɗin ya koma santim 34.8. An kasa shi huɗu: 15.5 na gina hanya da gyaranta, 2.3 na gurɓata iskar da mutane ke shaƙa, 1.2 na ƙara, 15.8 na kabon. Wannan na ƙarshe ba daga sama aka ciro shi ba. Litar gazuwal tana ba da kabon kilo 2.6 da ɗoriya, tirela tana shan wajen lita 30 a kilomita ɗari, ka ninka da farashin tan, ka fito kusa da wannan adadi.

Mu mayar da shi kuɗinmu. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Santim 34.8 ya kama wajen sefa 228, dala 45 da ƴan kai, a kowace kilomita ɗaya. Daga Maradi zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka. Da a ce farashin Jamus ake bi a kan hanyar, zuwa kawai zai ci jaka 150, dawowa wata 150, ko da kaya ko wayam. Motar da ke cin kilomita 100,000 a shekara kan irin waɗannan hanyoyi za ta biya yuro 34,800, kusan sefa miliyan 23. Da na faɗa wa Alhaji wannan sai ya riƙe baki.

To wannan miliyan 23 ɗin ce ake ce wa mai mota: sayi ta lantarki, ka riƙe abinka. Tirelar lantarki ta fi ta gazuwal tsada nesa ba kusa ba, ninki biyu ko fiye, kuma batirin ne ke cin kuɗin. Na Mercedes eActros 600 ya haura kilowat-awa 600 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa ke nan), kamfanin ya ce yana kai ta kilomita 500 kafin a sake caji. Mai motoci ba don son muhalli yake saye ba, alƙalami yake ɗauka. Yana haɗa kuɗin saye, da mai ko wuta, da gyara, da kuɗin hanya, na shekarun da zai riƙe motar, ya raba da kilomita. Idan kuɗin hanya ya fita daga lissafin shekara biyar, giɓin tsadar yana iya rufewa. Dalilin ƙara wa'adin ke nan. Wanda zai ci bashin banki a 2025 ba zai amince da rangwamen da zai mutu a Disamba ba, yana son ya san abin da zai biya har ya gama biyan bashin.

Akwai kuma wata doka a gefe da ke tura keken daga baya. An ɗora wa kamfanonin ƙera manyan motoci su rage kabon na sababbin motocinsu da kashi 45 cikin ɗari daga 2030, kashi 65 daga 2035, kashi 90 daga 2040, idan aka kwatanta da 2019. Wanda ya gaza zai sha tara. Amma maƙeri ba ya cika wannan sai an sayi abin da ya ƙera. Don haka ɗaya dokar ta matsa wa mai ƙerawa, ɗayar ta lallashi mai saye. An ma ƙyale motar lantarki ta haura iyakar nauyi da tan biyu, don kada nauyin batir ya ci wurin kaya.

Nan ne tambayar Alhaji ta biyu take dawowa: wa ke gyara hanyar? Kwalta ba ta san abin da ke cikin tanki ba, nauyi ta sani. Injiniyoyin hanya suna da wani tsohon ma'auni da ya samo asali daga gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950: idan ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau goma sha shida. Tirelar lantarki ba ta fi ta gazuwal sauƙi ba, sau da yawa ma ta fi ta nauyi. Ke nan santim 15.5 na gyaran hanya da aka yafe mata wani ne ke biya, kuma wannan wanin shi ne mai gazuwal, daga nan ya gangara kan farashin kayan da ya ɗauko. Muddin motocin lantarki tsiraru ne, baitulmali ba ya jin zafi. Ranar da suka yi yawa, asusun hanya zai rame. Shi ya sa yafewar take da ranar mutuwa, kuma bayanta za a koma ga ragi. Ni dai ina ganin ragin ya fi yafewar adalci tun farko: a cire mata kuɗin kabon da na gurɓata iska, tunda ba ta yi laifin ba, a bar mata na kwalta, tunda tana takawa. Amma waɗanda suka tsara abin ba adalci kaɗai suke nema ba, gaggawa suke.

Da za a kawo irin wannan doka Nijar fa? A takarda abu ne mai sauƙi. Muna da peyaji, muna da asusun kula da hanyoyi da kuɗin ke shiga, muna da dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta 2005 da ta ƙayyade nauyin manyan motoci, da sikelin awo a kan hanya. Layi ɗaya za a ƙara: mota marar hayaƙi ta wuce kyauta. Sai dai ba wanda zai motsa. Peyajinmu kuɗi ne da ake biya a sanda bisa girman mota da zangon tafiya, kuma a cikin abin da tafiya ke ci, tsakanin gazuwal, taya, duwan, da tsaye-tsayen hanya, shi ne ƙaramin. Ka yafe wa mutum kuɗin goro ka ce ya sayi raƙumi.

Sannan wuta. Maradi da Damagaram sun daɗe suna dogara da layin da ke shigowa daga Katsina, kuma kowa ya tuna 2023, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta bayan sauyin gwamnati. Batirin kilowat-awa 600, idan ana son a cika shi cikin awa biyu, yana jan kilowat 300, wutar da za ta riƙe unguwa. Tirela goma a tasha ɗaya a dare ɗaya sun kai megawat 3, alhali tashar hasken rana ta Malbaza gaba ɗayanta megawat 7 ce, ita ma da rana. A Turai doka ta ce direba ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a kan wannan hutu ake gina lissafin caji, tare da wata doka da ta wajabta kafa tashoshin caji na manyan motoci a kan manyan hanyoyi. Mu kuwa daga Maradi zuwa Ƙonni zuwa Dosso ba a fara wannan zance ba. Ga kuma matatar SORAZ a Damagaram, wadda tun 2011 take ba mu gazuwal na gida. Gwamnatin da ke da matata ba ta cikin sauri ta kori mai sayen man da take tacewa.

Inda abin zai iya fara kamawa, in zai kama, gajerun zango ne masu maimaituwa. Maradi zuwa Katsina bai kai kilomita ɗari ba. Motar da ke wannan kai-kawo, ta kwana a gareji ɗaya mai faifan hasken rana da batirin ajiya, ba ta buƙatar tasha a hanya. Ita ma ba peyaji zai sa a saye ta ba, sai dai sassaucin duwan a kan shigo da ita, don a wurinmu nan ne kuɗi mai nauyi yake.

Amma dokar za ta iso Maradi ta wata ƙofa, ko mun kwaikwaye ta ko ba mu kwaikwaya ba. Yawancin kamyon da ke kan hanyoyinmu tsofaffin Turai ne, Mercedes, DAF, MAN, Renault, da suka gama aiki a can aka loda su a jirgi zuwa tashoshin ruwa irin su Lome da Kwatano. A Jamus duk motar da aka fara yi wa rajista kafin Yulin 2019 kai tsaye aji na 1 take, mai biyan kuɗi mafi tsada. Kowace shekara riƙe ta a can yana ƙara zama asara, kuma mai ita zai nemi inda zai sayar. Wasu za su tsaya a gabashin Turai, wasu su gangaro mana. Injinansu na zamani ne, masu na'urar tace hayaƙi da ke son gazuwal mai ƙarancin sulfa da wani ruwa da ake kira AdBlue, ga kwamfuta da ke rage wa mota ƙarfi idan ta ga abin da bai yi mata ba. Na ce wa Alhaji, in dillali ya kawo masa irin wannan da araha, kafin ya yi ciniki ya fara zuwa da bakanikensa, ya tambaye shi ko yana da na'urar karanta kwamfutar.