Fasahar Kwamfuta a Koyarwa da Jarrabawa a Manyan Makarantu

Fasahar kwamfuta a manyan makarantu ita ce amfani da na'urori da manhajoji da intanet wajen isar da darasi, da auna fahimtar ɗalibi, da mayar masa da gyara a kan aikinsa. Ta ƙunshi dandalin da malami ke ɗora kayan karatu, da jarrabawar da ake rubutawa a kan kwamfuta, da lakcar da ake watsawa ta bidiyo. An fi danganta ta da koyarwa, amma daga ɓangaren jarrabawa da gyara ta samo asali.

Tarihi

A wajajen tsakiyar shekarun 1920, Sidney Pressey, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ya ƙera wata na'ura mai madannai huɗu wadda ke nuna tambaya ta wata 'yar taga, ɗalibi ya danna amsar da ya zaɓa. Idan aka saita ta don koyarwa, ba ta wucewa zuwa tambaya ta gaba sai ɗalibi ya dace da amsar daidai. Na'urar ba ta yi kasuwa ba, musamman da yake fitowarta ta yi karo da karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929. A ƙarshen shekarun 1930 kuma kamfanin IBM ya fitar da injin da ke duba takardun jarrabawa ta hanyar gane alamar fensir da wutar lantarki.

A 1953, B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya ziyarci ajin lissafi na 'yarsa, ya lura cewa yara na yin aiki su zauna jira kafin su san ko sun yi daidai. Wannan ne ya sa shi ƙera nasa injin koyarwa, wanda ke rarraba darasi zuwa ƙananan matakai, kowane mataki da hukuncinsa nan take. Damuwar tasa, wato tazarar da ke tsakanin amsa da gyara, ita ce har yau jigon wannan fage.

Kwamfuta ta shigo sosai a 1960, lokacin da Donald Bitzer ya fara tsarin PLATO a Jami'ar Illinois. Da ɗalibi guda aka soma, amma zuwa shekarun 1970 ɗaruruwan ɗalibai na amfani da shi lokaci guda, yana da allon da ake taɓawa, da jarrabawa, da hanyar aika saƙo tsakanin masu karatu. A wajen 1966 Ellis Page ya gwada sa kwamfuta ta ba insha'i maki, tana dogaro da alamomin zahiri irin su tsawon rubutu da na kalmomi.

Da intanet ta yaɗu, sai dandalin sarrafa kwasa-kwasai suka bayyana. Murray Goldberg ya fara WebCT a Jami'ar British Columbia ta Kanada a tsakiyar shekarun 1990, aka kafa Blackboard a 1997, sannan Martin Dougiamas na Ostiraliya ya saki Moodle a 2002, manhajar da kowace makaranta ke iya ɗauka kyauta ta gyara yadda take so. A 2001 jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka ta sanar da cewa za ta buɗe kayan kwasa-kwasanta ga kowa. A 2011 kimanin mutum 160,000 suka yi rajistar wani kwas na intanet da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka koyar daga Jami'ar Stanford, a shekara mai biye kuma aka kafa Coursera da edX, dandalin ba da kwasa-kwasai ta intanet, sai dai kaɗan ne daga masu rajistar irin waɗannan kwasa-kwasai ke kai wa ƙarshe. Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa jami'o'in duniya komawa intanet cikin makonni.

Koyarwa

Yawancin jami'o'i a yau na haɗa zaman aji da dandalin intanet, inda ake ajiye lakca da karɓar jinga.

Jarrabawa da gyara

Kwamfuta ta fi ƙwarewa a tambayoyi masu zaɓin amsa da na lissafi, inda take ba da maki nan take ko da ajin ya kai mutum dubu. Akwai kuma jarrabawar da ke sauya wahalar tambaya gwargwadon amsar da ta gabata. Malami na iya rubuta sharhi a gefen jinga, ko ya naɗi muryarsa ya aika.

Sauri kaɗai bai isa ba. Wani nazari da Kluger da DeNisi suka wallafa a 1996, wanda ya tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje, ya gano cewa a fiye da kashi ɗaya bisa uku na lokuta, bayanin da aka mayar wa mutum game da aikinsa rage ƙwazonsa ya yi, musamman idan ya karkata ga mutumin maimakon aikin. Gyaran da ke amfanar ɗalibi shi ne wanda ya nuna masa inda kuskuren yake da yadda zai magance shi tun yana da damar sake gwadawa, kuma abin takaici ne yadda a wurare da dama ake taƙaita wannan babbar dama ga fitar da maki kawai.

Taƙaddama

Manhajoji irin su Turnitin suna nuna kamanceceniya tsakanin rubuce-rubuce ne, yanke hukuncin satar fasaha kuwa aikin malami ne. Sa ido kan masu jarrabawa ta kyamara ya jawo ƙorafi kan keta sirri, kuma rashin na'ura ko intanet mai ƙarfi na tauye wasu ɗalibai. Tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta amsa, a Nuwamban 2022 ake jayayya kan ingancin manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, wasu jami'o'i kuma sun ƙara ba da muhimmanci ga jarrabawar baka da ta cikin zaure.